Babin da Aka Yage

Littafin ba shi da bango, babinsa na ƙarshe kuma an yage shi tun kafin ya zo hannun Doguwa. A gidan yarin mata haka ake yi wa littafi: a ɓalle shi kashi-kashi, kowane ɗaki ya ɗauki nasa, a riƙa musanye ta ƙasan ƙofa. Kashin ƙarshe ne ya tafi bai dawo ba. An ce wata ce ta naɗe sabulu da shi.

Labari ne na zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska. Wata matashiya ce mijinta attajiri ya yi mutuwar da aka kasa gane kanta, aka wayi gari tana kulle a ɗakin sama na gidansa. Kullum wani matuƙin jirgi yana tsayawa ƙarƙashin tagarta yana roƙon ta sauko su tafi. Wa ya kulle ta? Ina makullin? Daidai nan takardun suka ƙare.

Doguwa ta rasa inda za ta ajiye littafin nan a ranta. In ta zo wurin matuƙin jirgi, sai ta karanta a hankali, ta koma baya ta sake, har idonta ya ciko. In ta zo wurin matar, sai haushi ya turnuƙe ta. Mace da hankalinta, ba ta taɓa ko jijjiga ƙofa ba, sai zama bakin taga da kukan banza! Sau da yawa ta yi wurgi da takardun, sannan ta duƙa ta tsince su tana karkaɗe musu ƙura.

Ita ma tana da mai jira. Wani direban babbar mota ne, mutum mai haƙuri kamar dutse, da kan zo bakin ƙofa ya aiko a kira ta. Zuwansa na ƙarshe ya ce ya sami aiki a nesa, ƙarshen wata zai tashi, kuma ba zai sake dawowa ba. Ta ce masa da sauran shekaru a gabanta. Ya dube ta kawai, ya ja motarsa.

Duk matan da ta tarar a gidan sun fita sun bar ta. Ta san kowace tsagar bango, ta san famfon da ke tari kafin ya kawo ruwa. Kaya iri ɗaya take sawa kullum, kuma in ta shigo wurin wanki sai hira ta mutu.

Mutum ɗaya ce ba ta yi mata shiru: wata tsohuwa da ake kira Mai Tabarau, wadda ta karanta littafin cikakke tun tana budurwa. Tsohuwar nan ta san labarin direban, ta kuma iya ja wa mutum rai. Kullum Doguwa ta tambaye ta ƙarshen, sai ta ce haƙorinta na ciwo, ko ta ce ta manta, alhali idonta na dariya.

Sai ga shi an ce ranar Litinin za a sallami tsohuwa.

Da hantsi ranar, Doguwa ta riƙo mata ƙullin kayanta, suka bi dogon barandan nan mai warin maganin wanke ƙasa. Kowane taku, abin da ke ƙugunta yana bugun cinyarta. Ta san in tsohuwa ta tsallake ƙofar ƙarfe, ƙarshen labarin ya tafi ke nan.

"Inna, don Allah," in ji Doguwa. "Ƙanen mijin ne ya kulle ta, ko?"

"Ke dai kin cika zargin mutane, 'yar nan."

"To mai aikin gidan?"

Mai Tabarau ta tsaya a bakin ƙofa ta karɓi ƙullinta. A waje motoci na wucewa, wani yana tallar lemo da ƙarfi.

"Ba wanda ya kulle ta," in ji tsohuwa. "Ita ta kulle kanta, don tsoron abin da ke waje. Makullin yana ɗinke a bakin zaninta tun shafin farko."

"To ta sauko? Ta bi shi?"

"Wannan kam na rantse na manta." Wannan karon babu dariya a idonta. "Amma jirgi ba ya jira har abada, 'yata. Yau nawa ga wata?"

Ba ta tsaya jin amsa ba, ta sa kai cikin mutane.

Doguwa ta daɗe tsaye, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, rana na dukan fuskarta. Ba wanda ya riƙe ta, ba wanda ya daka mata tsawa. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a ciki. Ta ja da baya, ta gyara hular kakinta, ta ciro tarin makullan da ke ƙugunta, ta kulle ƙofar ta ciki kamar yadda aikinta na gandiroba ya koya mata.