OK Ɗin Hamisu

Hajiya Habi ta danna hoton ɗanta Hamisu da babban yatsa, ta kai waya bakinta, ta fara jero laifin miyar jiya. Gishiri ya yi yawa, daddawa ba ta nuna ba, kuma matarsa Saratu ta miƙo kwanon da hannu ɗaya. Ta saki yatsa, saƙo ya tafi. Kafin ta gama naɗe tabarmar salla amsa ta shigo: OK.

A duk bokon duniya waɗannan baƙaƙe biyu kaɗai Hajiya ta iya karantawa, ɗaya kamar ƙwai, ɗaya mai buɗaɗɗun ƙafafu. An taɓa sa ta lakwal, makarantar boko, a nan Matameye, ba ta daɗe ba ta gudo. Da farko ta tsani kalmar. A zamaninsu ɗa durƙusawa yake ya ce "To, Inna." Amma tun da Hamisu ya tafi Legas sayar da albasa, ta ɗauka haka ake durƙusawa da Ingilishi.

Tsohuwa kuwa in ta ga ta iya abu ɗaya, unguwa ta shiga uku. Hajiya ta zama malamar OK. Wanda ya zo nan take, ta ce "na ji, na bi" ke nan. Wanda ya yi jinkiri, ransa bai so ba amma zai yi. In baƙaƙen ƙanana ne, kunya ta kama shi. In suka zo sau biyu a jere, yana roƙon ta bar maganar haka. Matan maƙwabta har kawo mata nasu suke ta fassara, tana yi tana taɓe baki.

Kuma tana da shaida. Duk ran da ta kai ƙara, washegari abin ya gyaru. Gishiri ya ragu. Kwano ya riƙa zuwa da hannu biyu. Saratu ta daina waƙa a bakin turmi.

"Ɗan da aka haifa da albarka ke nan," in ji Hajiya. "Yana Legas, tsawarsa na Matameye."

Ran Juma'a Hamisu yakan kira ta da wata lambar Najeriya, murya na yankewa. Bai taɓa ɗago zancen ƙararrakin ba, ita ma ba ta ɗagowa, don ta san kunya ce. In an daɗe ba a kawo wuta a unguwa ba, amsa takan ɗauke ko da tata wayar na da caji. Hajiya ta ce ashe can ma haka suke fama.

Goro ne ya ɓata komai. Likita ya hana ta shi saboda hawan jini. Ran da aminiyarta Ummu Salma ta zo daga Dawce, Hajiya ta ce a kawo, sai Saratu ta durƙusa ta ce, "Inna, na ɓoye shi. Likita ya ce a'a." A gaban baƙuwa!

Baƙuwa na fita Hajiya ta danna hoton. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a ɓoye wa goro a gidanta. Ta ce ya umarci matarsa ta tattara ta koma gidan ubanta a Kurni, gobe-goben nan. Ta ajiye waya tana jiran OK mai jinkiri, ko ma kira da magiya, ta ja rai kaɗan sannan ta yafe.

Nan take ya shigo, manyan baƙaƙe.

Da safe Saratu ta share tsakar gida, ta cika randa, ta dama koko. Ta jera magungunan Hajiya a faifai, na safe daban, na yamma daban. Sannan ta fito da jakarta ta ajiye a zaure, ta aika a kira ɗan kabu-kabu mai babur.

Hajiya ta dubi faifan. Ba ta san wanne ne na safe ba. Ba ta san inda man zafin gwiwa yake ba, ballantana mai shafa mata. Ta buɗe baki za ta ce "zauna," harshe ya ƙi. Matar da ta tarbiyyantar da unguwa guda ba ta roƙon suruka.

"Inna, a yafe mini," in ji Saratu, kanta a ƙasa.

"Allah ya kiyaye hanya."

Hajiya ta shige ɗaki ta saki labule, ta danna hoton. Ta yi ƙasa da murya. Ta ce Hamisu, kai ma ba ka da hankali, kowace magana ta tsohuwa ake cewa OK? Ta ce yarinyar nan ita ce ƙafata, ita ce idona, ko 'yar da na haifa ba ta yi mini rabin abin da take yi ba. Gishirin ma ba laifinta ba ne, bakina ne ya mutu. Ka kira ta yanzu ka ce kai ka hana ta tafiya. Kuma in ka bari ta san ni na roƙa, ban yafe maka nonona ba.

Ta goge ido, ta gyara ɗankwali, ta fito da fuskar nan tata ta kullum. Babur na ruri a ƙofar gida. Saratu ta ɗaga jaka ke nan sai wani abu ya yi ƙara a ciki. Ta zuge, ta ciro babbar wayar da Hamisu ya bar mata da tsohon layinsa a ciki ran da zai tafi, ta danna, sai ga muryar Hajiya ta cika zaure: "Hamisu, kai ma ba ka da hankali..."