Bebiyar Bindiga a Gonar Gyaɗa

Tun da hukuma ta sauya wa maharba bindigogi da bebaye, masu haɗiye ƙararsu, Hansatu ba ta sake samun gyaɗar kirki ba. Da hantsi ta tare Sarkin Baka Tanimu a bakin gonarta.

"Sarkin Baka, birai sun gama da ni! Ka harbe ɗaya, sauran ko ɗaga kai ba su yi ba!"

"Haba Hajiya, ai daga nesa bindigar nan take samun abin da na auna. Kunnena ma ya huta."

"Kunnenka! Da, in muka ji harbin maharba daga Rugar Yamma mukan san ɓarayin daji sun shigo, mu kwashi yara mu gudu. Yanzu da me za mu sani?"

Tanimu ya juya ya dubi hanyar Rugar Yamma. Tun shekaranjiya ko mai nono ɗaya ba ta shigo gari daga can ba.