Ba Maye Corinne Ta Yi Ba

Tun tana 'yar shekara bakwai Corinne Bouchard take fama da ciwon sukari nau'i na ɗaya. Jikinta ba ya samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ko kaɗan, sai ta yi wa kanta allura kafin kowane cin abinci. Da ta samu aiki a wani gidan burodi a garin Sudbury sai ta ɓoye ciwon, don ta gaji da jin ana cewa, "Ai shan zaƙi ne ya ja miki."

Wata Asabar da hantsi, masu saye sun yi layi har bakin ƙofa, sukarin jininta ya faɗi. Gumi ya keto mata, hannu na karkarwa, harshe ya yi nauyi. Ta lallaɓa wurin firiji ta ɗauko kwalbar lemo don ta ɗaga sukarin jininta.

Manajan wurin, Mista Halvorsen, ya fizge kwalbar. "Wannan ta sayarwa ce. Dube ki, ko tsayuwa ba kya iyawa! A wace mashaya kika ƙare jiya?"

"Maigida, sukari... sukarina..."

"Sukari yana sito. Hau ki sauko mana da buhu ɗaya, ko kya wartsake."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Hankalinta ya riga ya soma gushewa, ta kama tsani kamar yadda aka ce. A mataki na biyar ta faɗo da ka.

Kwana uku ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo, hannunta na dama ya shanye. Ita da yi wa kek ado, aikin da ta fi ƙauna, har abada.

"Sai mun kai su kotu," in ji mahaifiyarta tana kuka.

"Ki kai su, Mama. Ni abin da ke cina, mutum tara ne a wurin, babu ko ɗaya da ya gane."

Da ta samu sauƙi ta daina ɓoyo. Ta bi makarantu da shaguna tana koya wa mutane alamomin faɗuwar sukari, tana kuma gayyatarsu tattaki a bakin tafki don tara gudummawar binciken maganin ciwon. Wasu sun rufe mata ƙofa. Ta ƙwanƙwasa ta gaba.

Ranar tattakin sai ga Halvorsen, wanda tuni aka sallame shi daga aiki, yana murza hularsa.

"Corinne, ban san ta inda zan fara ba."

"Ba kuka nake nema ba, Maigida. Kana da ƙafafu?"

"Ina da su."

"To shiga layi. Kilomita goma ne, kada ka ba ni kunya."

Jama'a suka cika hanya maƙil, ita ce a gaba, na'urar auna sukarinta a fili a damtse. Sau biyu tana tsayawa ta duba jininta, sau biyu taron yana jiranta. Abin da aka tara ya tafi ɗakin binciken wata jami'a.

Da ta iso ƙarshe, mahaifiyarta ta riƙo rigar wata mata da ba ta ma sani ba. "Kin ga waccan ta gaba? 'Yata ce! Ni na haife ta!"

Mai karatu, ciwon sukari nau'i na ɗaya ba kwaɗayi ke kawo shi ba. In ka ga mutum yana tangaɗi, ka tambaya kafin ka zarga, kuma ka tallafa wa masu binciken maganin ciwon.