Ƙarfen Cikin Jini

Da gudu ta iso maƙerar mahaifinta a Ƙofar Marusa, ta ci birki a bakin ƙofa tana haki.

"Baba! Malamar kimiyya ta ce komai na duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Kuma ƙwayar ƙarfen da kake duka, irinta ce sak a cikin jinina!"

Tsohon ya ajiye masaba, ya daɗe yana kallon ta. 'Ya'yansa maza duk sun guji ƙira, ita kuwa bai taɓa bari ta shiga maƙerar ba.

Can ya muskuta a kan buzunsa, ya ce, "To, tsayuwar me kike yi a waje? Shigo ki kama mini zugazugi."