Abin da Hoton Ya Nuna

Rimsha ta fito daga wajen likita ta tarar da Talal, wanda aka yi musu baiko, tsaye a bakin asibitin, zafin birnin Multan ya jiƙa masa riga.

"Me suka gani?" ya tambaya.

"Ba raki ba ne, yadda mahaifiyarka Ammi take faɗa. Hoton MRI ya nuna irin naman cikin mahaifa ne ya tsiro a wajenta, ya manne har jikin hanji. Shi yake murɗa ni duk wata. Sai an yi aiki."

"To, a yi."

"Haihuwa kuma, likita ta ce ba za ta yi alkawari ba." Ta zare zoben baikon. "Kai kaɗai ne namiji a gidanku. Ka janye tun ina iya jurewa."

"Da aka tura ki cikin injin nan ina jiyo ƙararsa, wallahi ban roƙi Allah ɗa ba. Ke na roƙa."

"Yau ke nan. Ran da Ammi ta zaunar da kai tana kuka fa?"



"Ban sani ba, Rimsha. Amma don Allah kar ki yanke mini hukunci kan ranar da ba ta zo ba."

Ba ta mayar da zoben yatsanta ba, ba ta kuma miƙa masa ba. Ta tsayar da mai riksha, wato a-daidaita-sahu, ta shiga, ta daɗe tana kallon gabanta, sannan ta matsa can ƙarshen kujera, ta bar masa wuri.