Ƙaramar Zuciya a Jikin Inji

Ka ce ka fara gane rubutun mutanen Sin, har kana haɗa kalma da kalma da kanka ba tare da malami ba. Madalla. Amma gyara zama ka ji abin da ya sami wani makanike.

Mutumin nan ya yi shekara goma sha tara yana gyaran inji a wata masana'antar buta da bokitin roba, ƙarƙashin wani tsohon injiniya ɗan Caina. Tare suka yi furfura. Hausar tsohon ba ta wuce ta cefane ba, shi kuma makanike ba ya jin Sinanci, amma ƙarfe ya haɗa su, idan ɗaya ya miƙa hannu ɗayan ya san sifanar da zai ɗora masa. A jikin akwatunan kayan gyara makanike ya fara tsintar rubutun nasu, ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya yana zanawa a bayan kwali, har ya tara kamar arba'in. Ya san zanen wuta, ya san na mota, ran da ya gan su a jere aka ce masa jirgin ƙasa ke nan, motar wuta. Ya san na hannu da na inji, aka ce ai wayar hannu ce. Daga nan fa kansa ya fashe, ya ɗauka abin lissafi ne, ɗaya da ɗaya biyu. Ya daina tambaya. A teburin mai shayi har bugun ƙirji yake yi, wai shi indai Sinanci ne a rubuta masa kawai.

To, tsufa ba ya sallama. Gwiwar makanike ta fara ƙara, ido ya fara hazo, rugugin inji yana bin sa har kan tabarmarsa. Wata Talata tsohon ya ce wa makanike ya hau saman tankin ruwa ya duba famfo. Ya ɗaga kai ya dubi tsanin nan mai tsawo, ya ce yau kam ba zai iya ba. Tsohon ya dube shi, ya sa wani ya hau. Wannan kallon shi ya tsaya wa makanike a rai. Ya gaji, ya san ya gaji, abin da ba ya so shi ne a sani, don da hannun nan yake ciyar da gida, kuma ya ga yadda ake sallamar wanda ƙarfinsa ya ƙare. Washegari da ya iso sai ya tarar da kwali rataye a jikin injin da ba mai taɓa shi sai shi, da rubutun tsohon, zane biyu manya-manya. Na farko sanda ce a tsaye da ɗigo a kowane gefe, ƙarami ke nan. Na biyu ƙugiya ce da ɗigo uku, zuciya ke nan. Duka biyun ya san su kamar yunwar cikinsa. "Ƙaramar zuciya," in ji shi. "Ni? Bayan shekara goma sha tara?" Wato rago, matsoraci, wanda tsani ya gagara. Da ya jira minti goma da tsohon ya dawo, da ya zagaya bayan injin da ya gani da idonsa, amma wanda zuciya ta hau masa wuya ba ya leƙe. Ya fizge kwalin ya cusa a aljihu, ya danna makunni, ya zura hannu ya gyara zaman mazubi kamar yadda ya saba, don a ga ko wane ne ragon. Ashe tun da sassafe tsohon ya ji wata ƙara da ba ta yi masa ba, ya kwance murfin kariya, ya tarar ƙarfen birki ya tsage, ya tafi sito neman sabo. Inji ya rufe a kan yatsu uku na hannun daman makanike.

A asibiti tsohon ya zauna a bakin gado, aka ciro kwalin daga aljihun rigar makanike aka miƙa masa. Ya shimfiɗa shi a gwiwa, ya ɗora tafinsa a kan zane biyun a haɗe. "Wannan, a kula," ya ce. "Hankali. Ni rubuta don kai. Kai iya karatu." Nan makanike ya gane cewa idan zanen nan biyu suka zauna tare, ma'anarsu hattara, mutum ya ƙanƙantar da zuciyarsa ya bi a sannu. Ba wanda ya zage shi, abokin aikinsa ne ya yarda da iliminsa ya yi masa gargaɗi da harshen uwarsa. Da bai san ko zane ɗaya ba, da ya ga baƙon rubutu ya tsaya ya tambaya. Da kuma ya san su sosai, da ya ja da baya. Tsakiyar ce ta cinye shi. Abin haushin ma, Bahaushe ne shi, tun yana goye yake jin ana cewa farin ciki, bai taɓa ɗaga rigar kowa ya duba launin tumbinsa ba, kuma ya san barkonon tsohuwa ba na miya ba ne. Sai da ya zo kan harshen wasu ya manta cewa su ma suna da irin nasu. Ciwon ya warke, amma aikin gyara ya ƙare masa. Aka ba shi benci a bakin ƙofa yana buɗe wa motoci. Kullum da safe tsohon yakan tsaya su gaisa, kowa ya kawar da kai daga hannun.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.