A Sake, Zulai

"A sake!" Datti ya daka wa ƙanwarsa Zulai tsawa. "Fatalwa ba ta sauri!"

Ba shi da halin ɗaukar 'yan wasa, shi ya sa ya naɗe ta da farin yadi, yana ɗaukar fim ɗinsa na ban tsoro da waya a gonar rakensu ta Dandamisa. Ta koma cikin raken, ta sake fitowa a hankali, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Ya yi mata tafi.

Inna ta iso da kwanon abincinsa, tana hawaye.

"Ɗan nan, wayar nan ko batir babu. Zulai kuwa tun da damina aka kai ta makwancinta. Ka dawo hayyacinka."

Zulai ta gyara lulluɓinta.

"Yaya, in sake?"

Kwanon ya suɓuce daga hannun Inna.